Kuɗin Tsaro Daga Tarayya: Abin da ke Isa ga 'Yan Sanda da 'Yan Kwana-Kwana a Bauchi

BAUCHI — Kowane wata, idan kwamitin rabon arzikin ƙasa ya zauna, akan kasa abin da ya taru a Asusun Tarayya bisa ƙayyadajjen tsari. Bayan an fitar da kason jihohi masu arzikin mai, Gwamnatin Tarayya takan ɗauki kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 36 su raba kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma su raba kashi 20.60. Jihar Bauchi da ƙananan hukumominta 20 na cikin masu karɓar wannan rabo, kuma a kansa mafi yawan kasafin kuɗinsu ya dogara. Amma a cikin wannan rabo babu wani kaso da aka keɓe da sunan motar kashe gobara, ko man da za a zuba wa motar sintiri, ko horon da za a ba jami'in da zai fara isa wurin da haɗari ya auku.

Wannan giɓi shi ne tushen matsalar shirin ko-ta-kwana a birnin Bauchi, da sauran manyan biranen ƙasar nan. 'Yan sanda na Gwamnatin Tarayya ne, amma jiha ce ke ɗauke da babban ɓangare na ɗawainiyarsu ta yau da kullum, alhali doka ba ta ɗora mata ba. Kashe gobara kuwa aikin jiha ne, kuma babu dokar da ta tilasta wa Tarayya ta ba jiha ko sisin kwabo dominsa. Kuɗin Tarayya kan iso Bauchi a matsayin albashi, ko motocin da aka sayo a Abuja, ko buhunan hatsi da kwanon rufi bayan an riga an yi hasara. Abin da ba ya zuwa shi ne tallafi mai sharaɗi, wanda ake bayarwa kafin masifa domin tanadi, a kuma bi sawunsa a ga inda ya shiga.

Yadda aka zo nan

Ba haka abin yake tun farko ba. A zamanin En'e, Bauchi na da 'yan dokarta, waɗanda suka gaji aikin dogaran sarki, kuma daga baitulmalin En'e ake biyansu, wato daga haraji da jangalin da aka tara a ƙasar Bauchi kanta. Rundunar 'Yan Sandan Nijeriya, wadda aka kafa a 1930 bayan haɗe rundunonin Arewa da na Kudu, tana aiki ne kafaɗa da kafaɗa da su. Wanda ke biyan ɗan doka a wancan lokaci shi ne wanda ke ba shi umarni, kuma a gari ɗaya suke kwana. Sai dai wannan kusanci ya zo da illarsa, domin a siyasar Jamhuriya ta Farko an yi amfani da 'yan doka da kotunan En'e wajen muzguna wa 'yan hamayya, musamman magoya bayan jam'iyyar NEPU. Saboda haka bayan juyin mulkin 1966, kwamitin da Alhaji Yusuf Gobir ya shugabanta ya ba da shawarar a rushe su, kuma zuwa farkon shekarun 1970 an gama shigar da waɗanda suka cancanta cikin rundunar Tarayya. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Bauchi a watan Fabrairun 1976, ta tarar an riga an ɗauke wannan iko daga hannun lardi.

Tsarin Mulki na 1999 ya ƙara tabbatar da haka. Sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda guda ɗaya ce a ƙasar, kuma ba za a kafa wata ba, ko ta Tarayya ko ta wani yanki. Sashe na 215 ya ba gwamna damar ba Kwamishinan 'Yan Sanda umarni kan zaman lafiyar jiharsa, amma a wuri guda ya ba Kwamishinan damar ya nemi a miƙa batun ga Shugaban Ƙasa kafin ya aiwatar. Ke nan gwamnan da ake yi wa laƙabi da babban jami'in tsaron jiha ba shi da ikon ɗaukar kurtu ɗaya, ko yi masa ƙarin girma, ko hana a yi masa canjin wurin aiki.

Birnin Bauchi ya ɗanɗani abin da rashin shiri ke jawowa. A ranar 26 ga Yulin 2009, harin da aka kai wa ofishin 'yan sanda na Dutsen Tanshi shi ne ya buɗe tarzomar Boko Haram, wadda cikin kwanaki kaɗan ta bazu zuwa Maiduguri, Potiskum da Wudil. A ranar 7 ga Satumban 2010 'yan bindiga suka fasa gidan yarin Bauchi, fursunoni 721 suka tsere. A daren 29 ga Mayun 2011 bama-bamai suka tashi a kasuwar barikin soja na Shadawanka, sa'an nan a ranar 22 ga Disamban 2014 wani bam ya tashi a babbar kasuwar birnin, gobara ta biyo baya ta cinye shaguna. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, waɗanda suka fara isa wurin su ne 'yan sandan caji ofis mafi kusa, da 'yan kwana-kwana, da ma'aikatan asibiti, da mutanen unguwa. Abin da aka tanadar masu kafin ranar shi kaɗai ne ya yi amfani a sa'a ta farko.

Wa ke zuba wa motar sintiri mai?

A takarda, Gwamnatin Tarayya ce ke ɗauke da nauyin rundunar 'yan sandan Jihar Bauchi, da kuma hedkwatar Shiyya ta 12 da ke cikin birnin. To amma kaso mafi tsoka na kasafin kuɗin 'yan sanda na kowace shekara yana tafiya ne wajen albashi da alawus na jami'ai, waɗanda adadinsu da aka daɗe ana ambata shi ne kimanin 370,000 a ƙasa baki ɗaya. Abin da ya rage domin gudanar da aiki, bayan ya sauko daga hedkwatar Abuja zuwa shiyya, daga shiyya zuwa jiha, daga jiha zuwa yanki, yakan iso caji ofis ne a matsayin ɗan abin da ba zai riƙe mota ɗaya a kan titi tsawon wata ba. Kwamitocin gyaran aikin ɗan sanda da aka kafa a jere, na Alhaji Muhammad Danmadami a 2006, na Alhaji M.D. Yusuf a 2008 da na Mista Parry Osayande a 2012, duk sun tabo ƙarancin kuɗin aiki.

Wannan ne ya sa gwamnonin jihohi, na Bauchi da na sauran wurare, suka mayar da sayen motocin sintiri da babura da rediyon oba-oba wani ɓangare na aikinsu. Akan yi bikin miƙa makullai, a ɗauki hotuna, a kuma yi godiya. A fannin lissafi kuwa, abin da ya faru shi ne kuɗi ya tashi daga ƙaramar aljihu ya koma babba: jihar da ke raba kashi 26.72 da 'yan'uwanta 35 ita ce ke tallafa wa hukumar gwamnatin da ta riƙe kashi 52.68 ita kaɗai. Kuma da yake gudummawa ce ta ganin dama, babu tabbacin za ta zo baɗi. Sau da yawa akan sayi mota ba a ware kuɗin gyaranta ba, shi ya sa harabar ofisoshin 'yan sanda da dama a ƙasar nan ta zama makabartar motoci.

Galibin irin wannan taimako yana fitowa ne daga abin da ake kira kuɗin tsaro na gwamna, wanda ake kashewa ba tare da an bayyana dalla-dalla ga majalisa ko ga jama'a ba. Ƙungiyar Transparency International, a rahotonta na 2018, ta ƙiyasta cewa irin wannan kuɗi a dukan matakan gwamnati ya kai kimanin Dalar Amurka miliyan 670 a shekara, wato ya fi ƙarfin a kira shi ɗan canji. Masu kare tsarin kan ce harkar tsaro na bukatar sirri da hanzari, kuma akwai gaskiya a ciki idan ana batun biyan mai kawo rahoto. Amma tayar mota, da batir, da rufin barikin 'yan sanda ba sirri ba ne, kuma babu dalilin da zai hana a rubuta su a kasafin kuɗi kowa ya gani.

An yi yunƙurin cike wannan giɓi daga Abuja. A watan Yunin 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar Asusun Amana na 'Yan Sanda, wadda ta tanadi a riƙa cire rabin kashi ɗaya cikin ɗari na dukan kuɗin da ya shiga Asusun Tarayya, wato Naira biyar cikin kowace Naira dubu, tare da kashi 0.005 cikin ɗari na ribar kamfanoni, domin sayen kayan aiki, horar da jami'ai da gyaran barikoki. Kason kamfanonin ƙarami ne ƙwarai: kamfanin da ya ci ribar Naira miliyan dubu ɗaya, Naira 50,000 kacal ya hau kansa. Saboda haka nauyin asusun ya faɗa ne kan Asusun Tarayya, ma'ana jihohi da ƙananan hukumomi, har da Ƙaramar Hukumar Bauchi, su ma an yanki nasu tun kafin a raba. Dokar ta ɗibar wa asusun wa'adin shekara shida, sai fa idan Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta sabunta shi.

Jihar Ribas ta garzaya kotu, kuma a watan Janairun 2022 Mai Shari'a Ahmed Mohammed na Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya yanke hukuncin cewa cire kuɗin ya saɓa wa sashe na 162 na Tsarin Mulki, wanda ya ce matakan gwamnati uku kaɗai ke da rabo a asusun. Ko da an ajiye batun shari'a gefe guda, akwai wani rauni a ginin asusun wanda ya fi shafar wuri kamar Bauchi: a Abuja ake yanke shawarar abin da za a saya, a can ake ba da kwangila, sa'an nan a rarraba kayan. Dokar ba ta buɗe wata ƙofa da jiha ko ƙaramar hukuma za ta gabatar da takardar bukata, ta ce ga abin da ya fi damun mu, ga kuma kuɗinsa, a ba ta kai tsaye ba. Bukatar jami'in da ke fama da 'yan sara-suka a lungunan tsohon gari ba ɗaya take da ta wanda ke sintiri a dazukan Alkaleri, Toro ko Ningi ba, balle a haɗa su da ta mai gadin gaɓar ruwa a Bayelsa.

Haka aka yi da Naira miliyan dubu 13 da miliyan 300 da Gwamnatin Tarayya ta amince da su a watan Agustan 2020 domin ƙaddamar da shirin 'yan sandan al'umma. Kuɗin ya bi ta hannun rundunar ne, aka ɗauki matasa aka horar da su, amma batun wanda zai riƙa biyansu alawus bayan horon ya zama abin ja-in-ja tsakanin Tarayya da jihohi.

Gobara: aikin da aka bar wa jiha

Al'amarin kashe gobara ya fi na 'yan sanda zama maraya. A Ikko aka fara shi a 1901 a matsayin wani sashe na 'yan sanda, kuma dokar 1963 ce ta mayar da shi hukuma mai zaman kanta ta Tarayya, wadda aikinta ya daɗe a taƙaice cikin babban birnin ƙasa. Tsarin Mulki bai sa kashe gobara a jerin abubuwan da Tarayya ta keɓe wa kanta ba, bai kuma sa shi a jerin waɗanda take tarayya da jihohi ba, don haka ya faɗa cikin ragowar da ke hannun jihohi. Hukumar kashe gobara ta Jihar Bauchi tana gogayya ne da makarantu, asibitoci, hanyoyi da albashi a kasafin kuɗi guda, kuma ba a cika cin zaɓe da tashar kashe gobara ba.

A zamanin Shugaba Buhari, musamman daga 2019, Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya ta faɗaɗa aikinta, ta buɗe ofisoshi a jihohi, ta tura motoci da jami'ai. Wannan ci gaba ne, kuma babu mai shago da zai tambayi tambarin da ke jikin motar da ta zo ceton dukiyarsa. Amma shi ma ba tallafi ba ne ga hukumar jiha. Wata hukuma ce ta biyu aka kafa kusa da ta farko, kowace da shugabanta da kasafinta.

Ya kamata a fahimci abin da shiri ke nufi a wannan sana'a, domin mota ita ce ɓangaren da ido ke gani kawai. Motar da ke ɗauke da lita 5,000 na ruwa, idan tana feshin lita 500 a minti ɗaya, cikin minti goma ta ƙare. Daga nan sai ta juya neman ruwa, kuma wuta ba ta jiran kowa. Saboda haka ƙarfin hukumar kashe gobara ya rataya ne kan abubuwan da ba nata ba: bututun ruwan da ya taso daga madatsar Gubi, da ko akwai bakin famfo na musamman kusa da kasuwa inda mota za ta ɗiba nan take, da ko akwai ruwa a bututun a wannan sa'a, da ko akwai lantarkin da zai tura shi. Bauchi na ɗaya daga cikin jihohi uku, tare da Ekiti da Ribas, da suka shiga shiri na uku na gyaran ruwan birane wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014. Irin wannan aiki, ko da ba a kira shi aikin tsaro ba, yana da tasiri kan kashe gobara fiye da ƙarin mota guda.

Sai kuma hanya. Tsohon birnin da Malam Yakubu ya kafa a farkon ƙarni na 19 an gina shi ne cikin ganuwa, da lungunan da aka yi domin mai tafiya a ƙasa da mai doki. A kasuwannin Wunti, Muda Lawal da babbar kasuwa, kamar yadda yake a kusan kowace kasuwa a Arewa, rumfuna da tebura kan ci hanyar da aka bari tun asali, wayoyin lantarki su sarƙe a sama, janareto da jarkokin fetur su kwana a cikin shago. Idan hunturu ya kama daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska ta bushe komai, tartsatsi ɗaya ya isa. Tsarin Mulki ya ɗora kula da kasuwanni da tashoshin mota kan ƙananan hukumomi. Ke nan mai karɓar kuɗin rumfa daban, mai motar kashe gobara daban, mai ruwa daban, mai kare wurin daga ɓarayin da ke bin gobara shi ma daban.

Maƙwabta sun nuna girman abin da ake caca da shi. Babbar kasuwar Jos, wadda ba ta fi tafiyar sa'a biyu daga Bauchi ba, ta ƙone a watan Fabrairun 2002, kuma aka shafe fiye da shekara ashirin ba a sake gina ta ba. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta yi hasarar dubban shaguna a watan Maris na 2016. Manyan kasuwannin Sakkwato da Katsina sun ƙone a farkon 2021, wata biyu tsakaninsu. Kasuwa a irin waɗannan birane ita ce banki, ita ce rumbun ajiya, ita ce kuma ma'aikata mafi ɗaukar mutane. Ɗan kasuwa da yawa jarinsa duka yana cikin shagon, har da kayan bashi da kuɗin ajiyar jama'a.

Akwai kuma haɗarin da ke tafe a kan taya. Bauchi mahaɗa ce ta hanyoyin Jos, Gombe, Maiduguri da Kano, kuma tankokin mai na ratsa ta dare da rana. Fashewar tankar fetur a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, wadda ta hallaka mutum fiye da 150, ta nuna cewa wutar fetur ba a kashe ta da ruwa. Kumfa ake bukata, kuma ana bukatar 'yan sandan da za su kori jama'a daga wurin tun kafin wuta ta kama. Kumfar, da tiyo, da rigunan kariya, da kayan gyaran mota, kusan duka daga waje ake shigo da su. Bayan janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin darajar Naira a watan da ya biyo, Dala ta tashi daga kimanin Naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da Naira 1,500 a 2024, litar fetur kuma ta haura Naira dubu a ƙarshen shekarar. Gaskiya ne kason jihohi daga Asusun Tarayya ya ƙaru ƙwarai a wannan lokaci, amma ƙaramar hukumar gwamnati da ba a taɓa kuɗin gudanarwarta ba, a zahiri an rage mata shi ne.

Kuɗin da ke zuwa bayan hasara

Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, NEMA, an kafa ta a 1999 a madadin hukumar rabon kayan agaji ta 1976, kuma doka ta ba ta kashi 20 cikin ɗari na kason Tarayya daga Asusun Kula da Muhalli, wanda aka buɗe tun 1981. Dokarta ta ambaci tanadi da rigakafi, amma abin da jama'a suka san ta da shi shi ne rabon kaya bayan ambaliya ko gobara. A watan Agustan 2024, lokacin da ambaliya ta yi ɓarna a jihohi da dama, har ta yanke hanyar Kano zuwa Maiduguri a cikin Jihar Bauchi, Gwamnatin Tarayya ta sanar da ba kowace jiha Naira miliyan dubu uku. Kuɗin ya zo bayan ruwa ya riga ya ci gonaki, kuma an raba shi daidai-wa-daida tsakanin jihar da ta nutse da wadda ba ta ga komai ba. Hukumar Raya Arewa Maso Gabas, wadda aka sa hannu a dokarta a 2017 kuma Bauchi na cikin jihohinta shida, ita ma aikinta ya fi karkata ga sake gina abin da ya rushe.

Wani tanadi da mutane ƙalilan suka san da shi ya kasance cikin dokar inshora ta 2003. Sashe na 65 ya wajabta yi wa gine-ginen da jama'a ke shiga inshora, irin su makarantu, asibitoci, gidajen haya da wuraren ciniki, ya kuma ce kamfanonin inshora su riƙa zuba rubu'in kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin da suka karɓa a kan irin waɗannan gine-gine cikin wani asusu domin tallafa wa hukumomin kashe gobara da kuɗi ko kayan aiki. Tunanin mai kyau ne, tun da kamfanin inshora shi ne farkon mai cin gajiyar wutar da aka kashe da wuri. Amma lissafin bai kai ko'ina ba: cikin kowace Naira miliyan ɗaya da aka biya, Naira 2,500 ce ke shiga asusun, kuma a birni kamar Bauchi, inda mafi yawan masu shaguna ba sa yin inshora, wasu saboda rashin yarda da kamfanonin, wasu saboda shakku na addini, tushen kuɗin kansa ƙanƙane ne. An maye gurbin dokar ta 2003 da sabuwar dokar gyaran harkar inshora a watan Agustan 2025.

Yadda Amurka ta tsara nata

A Amurka abin ya sha bamban tun daga tushe, domin 'yan sanda da 'yan kwana-kwana na birane ne da gundumomi da jihohi. Hukumomin 'yan sanda kaɗai sun kai kimanin 18,000. Gwamnatin tarayyarsu ba ta mallake su ba, sai dai ta yi amfani da kuɗi wajen jan su zuwa ga abin da take so. Tun a shekara ta 2000 majalisarsu ta kafa shirin tallafa wa hukumomin kashe gobara kai tsaye, inda hukumar ƙaramin gari kan rubuta takardar neman kuɗin mota, kayan kariya ko horo, ƙwararru a sana'ar su tantance, ita kuma ta zuba nata kason, daga kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari gwargwadon yawan mutanen da take yi wa aiki. A 2023 kuɗin wannan shiri ya haura Dala miliyan 300.

Bayan harin 11 ga Satumban 2001 aka kafa ma'aikatar tsaron cikin gida, aka kuma buɗe babban shirin tallafin tsaro ga jihohi da manyan birane, wanda ya kai kimanin Dala miliyan dubu ɗaya a 2024. Sharaɗin da ya fi dacewa a lura da shi shi ne wanda ya tilasta wa gwamnatin jiha ta miƙa kashi 80 cikin ɗari na abin da ta karɓa ga ƙananan hukumomi cikin kwana 45, kuma sai ta gabatar da nazarin haɗurran da take fuskanta da giɓin da ke cikin shirinta. Tsarin bai kuɓuta daga suka ba. A shekarun farko an ba kowace jiha ƙayyadajjen kaso, har ya zama mutumin Wyoming, jihar da ba ta da jama'a, ya fi na New York samun rabo idan aka kasa bisa kawuna. An kuma zargi wasu ƙananan garuruwa da sayen motocin sulke da ba su da bukatarsu. Amma saboda kuɗin na da sharaɗi a rubuce, 'yan jarida da masu binciken kuɗi sun iya gano waɗannan kurakurai, majalisa kuma ta gyara tsarin rabon.

Ba sai an ƙetare teku ba kafin a ga irin wannan tsari. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin makarantun firamare da ƙananan sakandare, waɗanda ba na Tarayya ba ne, bisa sharaɗin jiha ta zuba daidai abin da za a ba ta, ta kuma gabatar da tsarin aiki. Dokar lafiya ta 2014 ta yi makamancin haka da kashi 1 cikin ɗari domin ƙananan asibitoci. Da yake daga kason Tarayya ake cire waɗannan, ba daga asusun da kowa ke da haƙƙi a ciki ba, matsalar da ta kai Asusun Amana na 'Yan Sanda kotu ba ta taso masu ba. Rauninsu sananne ne: dubban miliyoyin Naira na ilmi sun sha kwana a Abuja saboda jihohi sun kasa, ko sun ƙi, zuba nasu rabin. Idan za a yi wa kashe gobara da agajin gaggawa irin wannan asusu, kason da za a nema daga jiha mai ƙarancin kuɗin shiga kamar Bauchi ya kamata ya yi ƙasa da rabi, kuma a yarda a kashe wani ɓangare kan mai, gyara da horo, ba sayen sababbin motoci kaɗai ba.

Muhawarar da ta fi ɗaukar hankali ita ce ta 'yan sandan jihohi. Jihar Legas ta kafa asusun amana na tsaro tun 2007, inda kamfanoni ke zuba gudummawa. Jihohin Yarbawa sun kafa Amotekun a 2020. Katsina ta ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta bi sahu da Askarawa a farkon 2024. Kuma a watan Fabrairun 2024 Shugaba Bola Ahmed Tinubu da gwamnoni suka amince a duba yiwuwar kafa 'yan sandan jihohi. Ga Bauchi, tambayar ta kuɗi ce kafin ta zama ta siyasa. Legas na da bankuna da manyan kamfanonin da za ta miƙa wa ƙoƙon bara; Bauchi ba ta da irinsu da yawa, ga ƙasa mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 49,000, da jama'ar da ƙidayar 2006 ta sa a miliyan 4.65. Miƙa mata ɗawainiyar runduna ba tare da an taɓa kashi 52.68 na Tarayya ba, ko an buɗe mata tallafi na dindindin, zai haifar da jami'ai masu bindiga waɗanda albashinsu ke makara.

A matakin ƙasa kuma, hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya shafi wannan batu ta wata fuska da ba a cika ambata ba. Ƙaramar Hukumar Bauchi, mai mutum kusan rabin miliyan a ƙidayar 2006, ita ce Tsarin Mulki ya ba kasuwanni da tashoshin mota. Buɗe hanyar da mota za ta bi a cikin kasuwa, haƙa rijiyar burtsatse da ɗora tankin ruwa a kowace ƙofa, da tsare masu shaguna su ajiye tukunyar kashe wuta, ayyuka ne da ke cikin ikonta.